Jinin Ciwo: Tambaya Ɗaya Mai Neman Amsa Biyu



Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure da Ahalari a hannu, ya san babin da ɗalibai kan sunkuyar da kai idan karatu ya iso shi, wato babin haila da biƙi. A can muka koyi cewa mata kashi uku ne a sha'anin jinin al'ada: mai farawa, da wadda ta riga ta san kwanakinta, da mai juna biyu. Mai farawa iyakarta kwana 15. Wadda ta saba, idan jinin ya zarce, takan ƙara kwana uku a kan al'adarta, matuƙar jimillar ba ta haura 15 ba. Jinin biƙi kuwa ba ya wuce kwana 60. Abin da ya tsallake waɗannan iyakoki shi ne istihala, kuma malamanmu idan suna fassara shi da Hausa cewa suke yi "jinin ciwo" ko "jinin cuta". Hukuncinsa a sarari yake: mai shi ta yi wanka, ta yi salla, ta yi azumi, ba a kuma haramta wa mijinta ita ba.

Kalmar nan ta "ciwo" ita ta sa muka ɗauki alƙalami. Shekaru aru-aru ana furta ta a karatu, a wuce zuwa babin lokutan salla. Littafin fiƙihu ya sauke nasa nauyin: ya bambance jinin lafiya da na ciwo, ya faɗi abin da ya hau kan mace game da ibadarta. Bai ce zai bayyana wane ciwo ne ba, domin wannan fagen wasu masanan ne. Amma a gidaje da yawa, da zarar amsar malam ta dawo cewa "jinin ciwo ne, ta yi sallarta", sai hankali ya kwanta, a ɗauka magana ta ƙare, alhali rabin amsa aka samu. Matar da ta aiko tana tambaya ko za ta yi salla, labarin jikinta ta aiko ba ta sani ba. Daga cikin ciwukan da ke iya laɓewa bayan wannan jini kuwa akwai wanda ke cinye mata masu yawa a ƙasashenmu, wato sankarar bakin mahaifa, wadda wasu ke kira kansa ko ciwon daji.

Aikinmu na magatakarda a ƙofar mai unguwa, a nan ƙasar Maraɗi, shi ya nuna mana girman abin. Ta hannunmu ake rubuta takardar neman gudummawa idan za a kai marar lafiya Yamai, mu ne kuma ke rubuta sunayen waɗanda suka ba da jika biyu ko biyar. Idan takardar ta mace ce, dangi kan ce "ciwon mata ne", su ja bakinsu. Sai daga baya, a wajen zaman makoki, wata gwaggo ta ce ai jinin nan ya fi shekara biyu yana zuba, an tambayi malam, an sha maganin sanyi, an sha rubutu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shekarun matan. Akwai dattijai a cikinsu, amma akwai ƴan talatin da ɗoriya, masu goyo, waɗanda ɗansu na fari bai gama firamare ba.

Bari mu fara da sanin abokin gaba. Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke ƙasan mahaifa, wadda jinin al'ada ke bi ya fita, wadda kuma ke buɗewa ranar naƙuda. Kusan dukkan sankarar da ke kama wannan wuri, wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, wadda likitoci ke kira HPV. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya tabbatar da alaƙar a farkon shekarun 1980, aka ba shi kyautar Nobel a kan haka a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Ta hanyar kusantar namiji da mace take yaɗuwa, kuma yawanta ya kai a ce kusan duk wanda ya san aure, namiji ko mace, ya taɓa ɗaukar ta bai sani ba. A jikin mafi yawan mutane, garkuwar jiki kan kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ba ciwo ba alama. A jikin kaɗan daga cikin mata ne take maƙalewa, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali.

Wannan tafiyar hawainiya ita ce makircin ciwon, ita ce kuma rahamar da ke cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa daga fara lalacewar fatar zuwa zamanta sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga wadda garkuwar jikinta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da ƙwayar sida, wato ƙanjamau, da ba ta shan magani, yana iya zama shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarin mai ɗauke da ita ya ninka na sauran mata sau shida. To, mu yi lissafi irin na gida. A Nijar, kusan uku cikin kowaɗanne ƴan mata huɗu ana ɗaura musu aure kafin su cika 18. Yarinyar da aka kai ɗaki tana da 16, idan ƙwayar ta maƙale mata a shekarun farko na aure, ciwon na iya bayyana tana ƴar talatin da ƴan kai. Ke nan abin da ake wa kallon ciwon tsofaffi, a ƙuruciya ake shuka shi. Likitoci sun kuma lura cewa ɗaukar cikin fari da ƙarancin shekaru, da yawan haihuwa, da shan taba, suna ƙara haɗarin. Mun kawo wannan ne don a san waɗanda ya kamata a fi sa wa ido, tsangwamar kowa ba ta cikin niyyarmu.

A ƙididdigar wannan hukuma, a shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, kusan 350,000 suka rasu, kuma kusan kashi 94 cikin 100 na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Jikin matanmu bai fi na wasu rauni ba. Bambancin shi ne can ana tarar ciwon tun yana tsiro, a nan kuwa sai ya yi rassa.

Ga alamomin, kuma za mu faɗe su ɓaro-ɓaro, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta farko, wadda ta fi dacewa matasan mata su riƙe, ita ce ganin jini bayan kwanciyar aure, ko da ɗigo ne, musamman idan ya maimaitu. Ta biyu, jini a tsakanin al'ada da al'ada, ko al'adar da ta sauya hali, ta yi tsawo ko yawa fiye da yadda aka saba. Ta uku, dawowar jini ga wadda al'ada ta riga ta ɗauke mata. Ta huɗu, ruwa mai yawa da ke fita daga gaba, wani lokaci tsinkakke da sirkin jini, mai wari, wanda magani bai tsayar ba. Ta biyar, jin zafi lokacin kwanciya. Idan ciwon ya yi nisa sai a ga ciwon mara da na baya da na ƙafa wanda ba ya sauka, da rama, da kasala, da ƙin abinci, da kumburin ƙafa, wani lokaci har da yoyon fitsari ko na bayan gida. Wanda ya jira waɗannan na ƙarshe kafin ya motsa, ya daɗe da wuce lokacin gargaɗi.

Kada wata ta karanta wannan ta shiga firgici. Mafi yawan jinin da ke zuwa wa matashiya ba a lokacinsa ba, ba sankara ba ce. Yana iya zama ɓari ko cikin da bai zauna daidai ba, ko tasirin allurar tazarar haihuwa, ko ciwon sanyi na gaskiya, ko ƙari marar haɗari a mahaifa. A garuruwan da ke bakin gulbi da tafkuna da fadamun noman rani, tsargiya ma kan kama al'aurar mata, ta jawo jini da ruwa da zafi irin waɗanda muka lissafa. Sankarar kuma ba ta cika kama wadda ba ta kai 25 ba. Sai dai duk waɗannan kamanninsu ɗaya ne a kan ƙunzugu. Malam ba zai iya rarrabe su ba, haka miji, haka ita mai jikin, sai wanda ya duba wurin da idonsa da kayan aikinsa. Kowannensu kuma yana da nasa maganin, saboda haka tafiyar ba ta taɓa zama asara.

Sunaye uku muka ga suna tsayawa tsakanin mace da wannan dubawa. Na farko shi ne "sanyi". A bakin mutanenmu, duk abin da ya fito daga gaban mace sanyi ne. Sai a aiki yaro wajen mai tallar ƙwayoyi a kasuwa, ko a sayi sassaƙe da jiƙo wajen mai lasifika, a sha wata da watanni. Idan wari ya dame ta, sai ta koma ga turaren tsuguno da kayan matsi, ƙamshi ya danne wari, ciwo yana ci ta ƙarƙashi. Wasu kayan matsin ma ƙona fatar suke yi, su ƙara rauni a kan rauni. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: sanyin da aka yi wa magani bai tafi ba, ko ya tafi ya dawo da jini, ya fita daga hannun mai talla.

Na biyu shi ne "sammu". Jinin da ke zuwa wa mace daidai ranar girkinta, da wuya a rasa mai cewa kishiya ce ta yi aiki don ta raba ta da shimfiɗar miji. Dalilin kuwa a fili yake: wurin da ya yi rauni, idan aka taɓa shi jini yake yi, shi ya sa yake biyo ranar girki. Amma sai a kashe kuɗin da ya ishi mota da dubawa wajen karya asiri, a kuma shuka gaba a tsakar gida a kan zato. Ba mu hana addu'a ba, Allah Ya tsare, da ita muka tashi. Sai dai Wanda muke roƙo Shi ne Ya saukar da magani, kuma ManzonSa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. A yi addu'a da asuba, a tafi asibiti da hantsi. Ɗayan bai kori ɗayan ba.

Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne "kunya", kuma fuska biyu gare ta. Ta farko tsoron zargi ne. Da zarar an ji cewa ƙwayar ta hanyar kwanciya take yaɗuwa, sai wasu su fara yi wa marar lafiya kallon banza. Wannan zalunci ne da jahilci a haɗe. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa, domin shi yana iya ɗauko ƙwayar daga auren da ya yi a baya, na halal, ba tare da wata alama a jikinsa ba, ita ma waccan daga nata mijin na farko. A al'ummar da ake aure, a rabu, a sake wani, ake kuma zama da mata biyu zuwa huɗu, ƙwayar ba ta buƙatar ƙofar haram kafin ta zagaya. Tana kuma iya kwanciya shekaru masu yawa kafin gwaji ya nuna ta. Saboda haka sakamakon asibiti ba ya zama shaidar alfasha a kan mata ko miji. Wanda ya jefi mumina da wannan, ya tuna cewa Suratun Nur bulala 80 ta yanka wa mai ƙazafi.

Fuska ta biyu ita ce nauyin faɗa da nauyin buɗe jiki. A nan tarihin magabata ya ishe mu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Faɗimatu ƴar Abu Hubaish ta zo da kanta gaban Annabi, ta faɗa masa cewa jini ba ya ɗauke mata, ta tambaya ko ta bar salla. Ya amsa mata da cewa kada ta bari, ya kuma bayyana mata cewa wannan jini daga wata jijiya yake, ya bambanta da haila. A dubi yadda amsar ta haɗa abu biyu: hukunci, da nuni zuwa ga wani sababi a cikin jiki. Hamnatu ƴar Jahshi ma da ta kai irin wannan kuka, abin da ya fara kwatanta mata shi ne amfani da auduga. Ambaton Shaiɗan da ya zo a hadisinta kuwa, malamai irin su Imam Khaɗɗabi sun fassara shi da cewa yana samun hanyar rikita mata lissafin tsarkinta da ibadarta ne. Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Idan waɗannan bayin Allah sun iya faɗa wa mafi girman halitta abin da ke damun su, ƴarmu ta yau ba ta da abin jin nauyi a gaban ungozomar asibiti. A gidajen haihuwa galibi mata ne ke wannan dubawa. Inda kuwa babu sai namiji, malamai sun yi izini saboda larura, gwargwadon buƙata, da miji ko wata mace a kusa.

Akwai wani abin lura a mazhabarmu ta Malikiyya. Jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70, malamai ba su yanke masa hukunci da ka ba, cewa suka yi a tambayi mata masana. Wadda ta kai 70 kuwa, jininta ba haila ba ne. Ashe tun asali fiƙihu ya san akwai inda malami zai tsaya, ya miƙa magana ga waɗanda suka san jikin mata. A wancan zamani su ne tsofaffi da ungozomomi. A namu an ƙara da sajifam da likita, masu fitila da na'urar da ke nuna abin da idon tsohuwa ba ya kaiwa. Malamin da ya tura mace asibiti, hanyar magabatansa ya bi.

Wata ƙara da aka kawo ƙofar mai unguwa tana nuna yadda jahilcin wannan ciwo ke rusa gida tun kafin ya kai ga rai. Wani magidanci ne ya kawo ƙarar matarsa, mai ƴaƴa uku, cewa wata shida tana guje wa shimfiɗarsa, kullum da uzurin jini, ga shi malam ya ce istihala ce, ba ta hana komai. Ita kuwa tana durƙushe kusa da waliyyinta, ta ƙi cewa uffan. Dattijon bai yanke hukunci ba. Ya sa aka shigar da ita cikin gida wajen uwargidansa. Jim kaɗan uwargida ta aiko cewa yarinyar nan ba taurin kai gare ta ba, ciwo ne ke cin ta. Sai ya dubi mijin ya ce: "Ɗana, kafin mu yi maganar haƙƙinka, kai ta a duba ta. Idan likita ya ce lafiyarta ƙalau, ka dawo, muna nan." Ba a dawo da ƙarar ba. An tarar ciwon bai bar bakin mahaifa ba tukuna, aka yi mata aiki aka cire mahaifar. Haihuwa ta tsaya, amma yau ita ke shirya ƴaƴanta zuwa Islamiyya. Da zahirin ƙarar aka bi, da takardar saki aka rubuta, ta koma gidan iyayenta da ciwonta, da kuma sunan mai gardama.

Duk da haka, jiran alama ma wani jinkirin ne. A shekarun nan da fatar ke sauyawa, mace ba ta jin komai: tana daka, tana zuwa biki, tana haihuwa. Shi ya sa aka tsara gwaji domin masu lafiya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar sida daga 25, a riƙa maimaitawa bayan ƴan shekaru yadda ma'aikatan lafiya suka tsara. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ruwan khal, wato binegar: ungozoma ta shafa shi a bakin mahaifa, bayan minti ɗaya wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Ba yanka, ba allurar barci, sakamako nan take. Akwai kuma gwajin da ke neman ƙwayar HPV kanta, wanda ya fi inganci, kuma a inda aka tanade shi mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta da ɗan tsinke mai auduga. Idan an ga ƙaramin tabo, ana ƙone shi da na'ura mai zafi ko a daskarar da shi da mai sanyi cikin ƴan mintoci, ta koma gida da ƙafarta, mahaifarta na nan, haihuwarta na nan. Abin da ake nema wajen miji shi ne haƙurin kamar wata guda, har wurin ya warke. Wadda kuwa ta riga ta ga alama, ba ta jiran cika 30, ba ta jiran ranar gangami. Gobe da safe ne nata lokacin.

A gwada wannan da abin da ke biyo bayan jinkiri. Idan sankara ta bazu, sai gashi da na'ura da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi. A Nijar sai a 2021 aka fara gashin a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, kafin nan sai mai halin fita waje. Tun 2007 gwamnati ta ayyana cewa kula da kansar mata kyauta ne a asibitocinta, amma doka ba ta biyan kuɗin mota. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900. Ga masauki, ga abincin makonni, ga mai jinya da ya bar gonarsa, ga yaran da aka rarraba a gidajen dangi. Mun shaida an sayar da bisashe, an jinginar da gona, a kan ciwon da ƴan mintoci da ruwan khal za su iya tarewa shekara goma kafin nan.

Akwai kuma abin da ya riga gwajin, wato allurar rigakafi. Tun 2006 aka fara amfani da ita. Ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14 ake fi nufi da ita, kafin su haɗu da ƙwayar, domin aikinta hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ma tana wadatarwa a waɗannan shekaru. Ruwanda ce ta fara yi wa ƴan matanta a faɗin ƙasa a Afirka, a 2011. Kamaru ta shigar da ita cikin rigakafinta a 2020, Najeriya kuma a watan Oktoba na 2023. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a Ingila, waɗanda aka yi wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13, kamuwarsu da wannan sankara ta ragu da kusan kashi 87 cikin 100. Wadda aka yi wa allurar ma za ta yi gwaji idan ta girma, domin allurar ba ta rufe dukkan ire-iren ƙwayar ba.

Mun san abin da za a ce, domin mun ji shi a majalisu: me ya sa ƴan mata kaɗai, in ba don a hana su haihuwa ba? Tambaya ce da ta cancanci amsa. An fara da mata ne domin su ke da bakin mahaifa, su ne kuma ke mutuwa. Ƙasashe masu hali irin su Ostareliya suna yi wa yara maza ma. Babu ƙwaya mai rai a cikin allurar, kuma bayan miliyoyin ƴan mata sun karɓe ta tsawon shekaru, binciken masana bai nuna tana hana haihuwa ba. Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, tun 2010 ta fara yi wa ƴan makarantarta. Abin da tabbas yake raba mace da mahaifarta shi ne sankarar kanta. Ba mu kuma manta da 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi saboda irin wannan jita-jita, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yara suka shanye. Mai shakka ya je ya tambayi likitan da ya yarda da addininsa da amanarsa. Matambayi ba ya ɓata.

Ranar 17 ga Nuwamba 2020 aka ƙaddamar da shirin duniya na kawar da wannan sankara, da buri uku zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na ƴan mata allura kafin su wuce 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a kuma maimaita a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon magani. A ofisoshi aka rubuta waɗannan lambobi, amma a zaure da tsakar gida za su cika ko su faɗi. Saboda haka ga roƙonmu.

Malamanmu masu daraja, Allah Ya gafarta muku, ba mu nemi a sauya harafi ɗaya na hukunci ba. Ƙarin jimla ɗaya muke roƙo. Idan aka aiko da tambayar jinin da ya wuce kwanakinsa, ko mai zuwa bayan kwanciya, ko wanda ya dawo wa dattijuwa, a ba da hukuncin salla, sannan a ce: "Amma ciwo ne, a kai ta a duba ta, kada a wuce wannan mako." Maganarku tana buɗe ƙofar da takardar likita ba ta buɗewa, domin mijin da zai yi gardama da sajifam ba zai yi da limaminsa ba.

Malamai mata na Islamiyyu da makarantun matan aure, ku ne magadan jajin da Nana Asma'u ƴar Shehu ta riƙa turawa ƙauyuka suna karantar da ƴan taru a ƙarni na 19. Idan karatu ya iso babin haila, ku gayyato ungozomar asibiti ta zauna kusa da ku, ta ɗora daga inda littafi ya tsaya. Iyaye mata da gwaggwanni, daren da kuke wa amarya faɗan "yi na yi, bari na bari", kuna yi mata wasiyya da haƙuri, ku ƙara mata da cewa jinin da ke biyo kwanciya bayan kwanakin amarci sun wuce ba ya cikin abin da ake haƙuri da shi. Magidanta, abu uku ke hannunku: izini, da kuɗin mota, da rakiya. Wanda ya iya sayen ragon suna, ba zai kasa kai uwar jaririn a duba ta ba.

Ku kuma ƴaƴanmu da ƙannenmu mata, kun riga kun iya lissafin nan, domin salla da azumi sun koya muku ƙirga kwanaki tun kuna ƴan mata. Ku riƙe ranar farawa da ranar ɗaukewa, a takarda ko a waya. Duk abin da ya saɓa wa abin da jikinki ya saba, ya kuma maimaitu, ki faɗa. Idan wanda kika fara faɗa wa ya ce ba komai, ki faɗa wa na biyu. Ki tambayi malam hukuncin sallarki, ki tambayi likita sababin jininki, kada ki karɓi amsa ɗaya ki bar ɗaya.

Wanda ya karanta, ya karanta wa wadda ba ta da waya ko ba ta iya boko ba, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya mana ƴaƴanmu mata cikin imani da ƙoshin lafiya.